Idan Ɗanki Ya Ce Ya Shiga Ƙungiya: Bayani a Kan Rotary da Rassanta na Matasa

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, amare da uwayen gida, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake haɗuwa a cikin shirin namu na mata. Ina gaishe da masu saurarenmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun da ƙauyukan da ke kewaye da su, da fatan an wuni lafiya. Ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da zaman yau? Wadda ke tsakar aiki ta ɗan jawo rediyon kusa da ita, domin maganar tamu ta yau ta shafi ɗiyanmu da suka fara tasawa.

Wata baiwar Allah ce daga Bakura ta aiko mana da saƙo, ta ce a sakaya sunanta. Ɗanta na fari yana karatu a wata jami'a a nan Arewa, ya zo hutu sanye da riga mai wani tambari kamar ƙafar keke mai haƙora. Da ta tambaye shi sai ya ce ai ƙungiya ya shiga a makaranta, sunanta Rotaract, har ma an zaɓe shi ma'aji. Wata maƙwabciya ta ce mata ƙungiyar asiri ce, mahaifin yaron kuma ya ce ya fita. Ita kuwa hankalinta ya rabu biyu, domin ta ga yaron ya ƙara natsuwa, kuma ba ta ga ya yi wasa da salla ba. Shi ne ta ce don Allah a yi mata bayani.

To 'yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kuma na tabbata ba ke kaɗai ba ce. Yanzu ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga jami'ar jiha da aka kafa a garin a shekarar 2018, ga kwalejin aikin gona a Bakura, ban da ɗiyanmu da ke Gusau da Sakkwato da Zariya da Kano. Duk yaron da ya taka babbar makaranta zai tarar da ƙungiyoyi iri-iri suna neman mambobi. Uwa kuwa tana cikin gida, sai dai abin da aka zo aka gaya mata.

Bari mu fara da uwar ƙungiyar, watau Rotary, don Rotaract ɗiyarta ce. Wani lauya ne mai suna Paul Harris ya kafa ta a birnin Shikago na ƙasar Amurka, ranar 23 ga watan Fabrairu na shekarar 1905. Su huɗu ne suka fara zama: shi lauyan, da wani mai sayar da kwal, da injiniyan haƙar ma'adinai, da tela. Harris a ƙaramin gari ya tashi, ya zo babban birni ya tarar kowa ta kansa yake yi, shi ne ya nemi abokan da za a riƙa zama ana sanin juna ana taimakon juna. Ba su da ofis na ƙungiya, don haka suka riƙa zagayawa, wannan karo a wurin aikin wane, karo na gaba a wurin wane. Daga wannan zagayen ne sunan ya fito, domin ma'anar kalmar a Turanci ita ce abin da ke juyawa. Ku da kuka san adashe ba sai na yi dogon bayani ba, yau kwasar wance, gobe ta wance. Aikin farko da suka yi wa jama'a kuwa, kada ku yi dariya, ban-ɗaki ne na jama'a suka tsaya aka gina a cikin birnin, tun a 1907 suka fara fafutukarsa.

Daga nan abu ya yi ta bunƙasa har ya ƙetare teku. A yau mambobinta sun haura miliyan ɗaya, a ƙasashe da yankuna sama da 200. Ta shigo Afirka a 1921 ta birnin Johannesburg, ta isa Alƙahira a 1929. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a nan Najeriya ba a Legas aka fara kafa ta ba, a Kano ne, a shekarar 1961, sa'an nan Legas da Ibadan suka biyo baya a cikin wannan shekarar. Haka nan kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya daga reshen Kano ya fito, wani babban lauya da ya yi shekaru aru-aru yana aiki a birnin, Jonathan Majiyagbe. Ya riƙe shugabancin daga 2003 zuwa 2004, ya rasu a 2023. A 2025 kuma aka zaɓi ɗan Najeriya na biyu, Olayinka Babalola daga Fatakwal, don ya riƙe wannan kujera daga 2026 zuwa 2027.

Manyan mambobin galibi masu sana'a ne da ma'aikata, likitoci, lauyoyi, 'yan kasuwa, malaman makaranta. Suna zama a kai a kai, kowa yana biyan kuɗin ƙa'ida daga aljihunsa, su zaɓi aikin da za su yi wa garinsu, ko rijiyar burtsatse, ko gyaran aji, ko kujerun guragu. Babu albashi a ciki. Da can ma maza zalla ne, sai da magana ta kai kotun ƙolin Amurka a 1987, sa'an nan a 1989 aka buɗe wa mata ƙofa a duk duniya. Ku duba fa, har a can ɗin sai da aka shekara sama da tamanin kafin a ba mace kujera a wurin zaman. Mace ta farko da ta shugabance ta ita ce Jennifer Jones 'yar ƙasar Kanada, a shekarar 2022.

Yanzu wata za ta ce, to ni me ya haɗa ni da su? Uwargida, ai sun daɗe da shigowa har tsakar gidanki, ba ki dai san sunansu ba ne. Kin tuna matan nan da ke sallama da akwatin sanyi rataye a kafaɗa, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango? Wannan yaƙi da cutar shan inna, Rotary na cikin waɗanda suka ɗaura ɗamararsa tun farko. Sun gwada a ƙasar Filifin a 1979, suka ƙaddamar da shirin na duniya a 1985, sa'an nan a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da sauransu suka haɗa hannu da su. A wancan lokacin cutar na nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Kuɗin da ƙungiyar ta zuba a wannan aiki ya haura dala biliyan biyu.

Manyanmu ba su manta abin da ya faru a 2003 ba. Magana ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Kuma tsoron mutane yana da tushe, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. To a cikin wannan yanayi na rashin yarda aka dakatar da ɗigon. Ikon Allah, a daidai shekarar da mutumin Kano ke shugabancin Rotary a duniya, a shekarar ce Kano ta rufe ƙofa. Ba a ci gaba ba sai a ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sakamakon wannan dakatarwa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin, har Yaman da Indunusiyar kanta. Shi ya sa hukumomin Saudiyya suka shar'anta wa alhazanmu shan ɗigon, hajiyoyinmu da suka sauke farali a shekarun da suka biyo baya za su ba da shaida.

Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakunanmu, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar a kan gaba, da malamai, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, da kuma matan unguwa da suka riƙa shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga. Wasunsu ma sun rasa rayukansu, kamar mata tara da aka harbe a Kano a watan Fabrairu na 2013, Allah ya jiƙansu. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. In kika ce to me ya sa har yanzu suke zuwa, amsar ita ce akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba kuma tsabta ta yi ƙaranci, kuma Zamfara na cikin jihohin da aka same shi a 2023 da 2024. Don haka in sun yi sallama a fito musu da yara.

Na ɗan daɗe a nan ne don ku san irin aikin da uwar ƙungiyar ta shahara da shi. Yanzu mu dawo kan ɗiyanmu. Rotary na da rassa biyu na matasa. Na farko Interact, an kafa shi a 1962, na 'yan sakandare ne masu shekara 12 zuwa 18, kuma tilas ne ya kasance a ƙarƙashin kulawar manya. An ɗora wa kowane reshe aiki biyu a shekara, ɗaya na taimakon makarantarsu ko unguwarsu, ɗaya kuma na ƙara fahimtar mutanen wata ƙasa. Na biyu shi ne Rotaract ɗin da aka tambaye mu, an kafa shi a 1968, na masu shekara 18 zuwa sama, a jami'o'i ko a cikin gari. Akwai kuma wani horo na 'yan kwanaki da suke tara matasa su koya musu shugabanci da magana a gaban jama'a da sasanta rigima, wanda ya samo asali daga ƙasar Ostireliya, ƙungiyar ta rungume shi a 1971.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu, kuma shi nake so mu tsaya a kai, shi ne wa'adi. Shekararsu tana farawa ne ranar 1 ga watan Yuli. Shugaban reshe shekara ɗaya yake yi ya sauka, haka shugaban duniya baki ɗaya, shekara ɗaya tak. Wanda ya ba da umarni bana, baɗi shi ne zai jera kujeru. Ku yi tunanin yaro ɗan shekara ashirin da aka ba shi ajiyar kuɗin abokansa. Dole ya rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba, in an sayi buhun siminti ya kawo rasit, in an zo taro ya miƙe a gaban kowa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, wani ya ɗaga hannu ya ce ina naira ɗari biyar ɗin da ta rage, ya amsa ba tare da ya fusata ba. In shekara ta zagayo ya miƙa littafi da kuɗi ga wanda ya gaje shi. Duk wadda ta taɓa zama uwar adashe ta san nauyin wannan, ta san yadda barci ke ƙaurace wa ido in ranar kwasa ta matso wata ba ta zuba ba. Ba a koyar da wannan a aji. Kuma don Allah ku faɗa mini, mene ne ya fi damun garuruwanmu in ba rashin masu riƙon amana ba, da masu hawa kujera su ƙi sauka?

Suna kuma da wasu tambayoyi huɗu da suke haddacewa, wani ɗan kasuwa daga cikinsu mai suna Herbert Taylor ya tsara su a 1932 lokacin da kamfaninsa ke neman durƙushewa. Abin da suka ƙunsa shi ne mutum ya auna maganarsa da aikinsa, ya ga ko gaskiya ne, ko an yi wa kowa adalci, ko zai ƙara zumunci, ko kuma kowa zai amfana. Da na ji su na ce ai wannan tarbiyyar da iyayenmu suka yi mana ce.

Hasali ma tsarin gaba ɗaya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna da aikin gayya. In damina ta faɗi gonar tsoho ko ta gwauruwa ta cika da haki, sarkin samari ya yi shela, makaɗi ya ɗauki ganga, samari su fito da fartanya, mata su dama fura su aika, kafin azahar an gama. Haka ake yashe rijiya, haka ake gyaran hanyar maƙabarta da jinkar wanda iska ta yaye wa ɗaki. A wurin gayya ake gane yaron da zai iya jan mutane da wanda baki kawai gare shi. A maƙwabciyarmu Nijar ma, zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta raya ƙungiyoyin samariya suka riƙa gina azuzuwa da dasa itatuwa. Yanzu gayya ta ja baya a wurare da yawa, kowa sai an biya shi, ga kuma gonakin da ba su nomuwa saboda tsoro.

Sai ɓangare na biyu, na fahimtar juna tsakanin ƙasashe. Suna da shirin musayar ɗalibai, inda yaro mai shekara 15 zuwa 19 zai je wata ƙasa ya zauna a gidan wasu mutane, wani lokacin har shekara guda, yana zuwa makarantarsu, su ma nasu ya zo. A nan kam zan faɗi ra'ayina ƙarara: ni ban ga uwar da za ta saki ɗiyarta 'yar shekara goma sha biyar ta tafi gidan da ba a san addininsu da cimarsu ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma akwai wanda ya fi dacewa da mu. Tun 2002 suke ɗaukar nauyin manya, waɗanda suka gama karatu suka fara aiki, su yi ilimin sasanta rikici da samar da zaman lafiya a wasu zaɓaɓɓun jami'o'i. Ɗaya daga cikin cibiyoyin tana jami'ar Makerere a ƙasar Yuganda, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2021, wata kuma an buɗe ta a birnin Santambul na Turkiyya a 2025. Jihar da ta ga abin da tamu ta gani tsakanin manoma da makiyaya, tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji, ai tana bukatar ɗiyanta su san wannan ilimi. Kuma ko yaro bai taka ko'ina ba, a cikin reshensu na jami'a zai zauna da Bayarabe da Ibo da Batibi su haɗa kuɗi su sayi magani su kai gidan marayu. Wanda ya ci abinci a kwano ɗaya da mutum yana da wuya a zuga shi ya ɗauki makami a kansa.

To yanzu ga maganar da maƙwabciya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye muku komai ba. Zargin ba a unguwarku ya fara ba. A shekarar 1978 majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta fitar da matsaya a kan ƙungiyar asirin nan da Larabawa ke kira Masoniyya, ta ce bai halatta Musulmi ya shige ta ba, kuma a cikin bayaninta ta ambaci Rotary da wata mai kama da ita da ake kira Lions a cikin ƙungiyoyin da take ganin suna da alaƙa da ita. Har yau akwai malamai masu riƙe da wannan fatawa. Ba Musulmi kaɗai ba ma, fadar Fafaroma ta taɓa hana limaman cocinta shiga a 1951, daga baya ta sassauta. Su kuwa 'yan ƙungiyar sun ce sam ba su da alaƙa da Masoniyya, ba su da rantsuwar ɓoye, ana gayyatar baƙo ya zauna a taronsu ya ga komai, kuma ƙa'idarsu ta hana a mai da zaman na addini ko na jam'iyya. Akwai rassanta a ƙasashen Musulmi da dama, irin su Masar da Turkiyya da Maroko da Fakistan da Bangaladash da Malesiya da Indunusiya.

Hukuncin halas da haram na malamai ne, ni mai gabatar da shiri ce. Abin da zan ce shi ne maigida ya sami malamin da ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ya tafi tare da yaron, yaron ya faɗi abin da suke yi da bakinsa, malam ya yi masa tambayoyi. Wannan ya fi a yanke hukunci a kan jita-jitar bakin rijiya. Sa'an nan a bambance wannan da ƙungiyoyin asirin da ke cikin wasu jami'o'i, masu taro cikin dare a jeji, masu rantsuwa da jini, masu faɗa da makami. Waɗannan ba a sa rigarsu a zo gaban uwa da ita da rana tsaka. Alamarsu ita ce ɓoye-ɓoye, da tabon da yaro ba ya son a tambaya, da firgita in waya ta yi ƙara.

In kuwa gida ya zauna ya yanke cewa yaro ya fita, to don Allah kada a tsaya nan. A nuna masa wata ƙofar. Ga rundunonin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, waɗanda muke gani a filin idi da wurin tafsiri da sansanin alhazai. Ga ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ke makarantu tun 1954, ga Red Cross, ga 'yan sikawut, ga ƙungiyoyin ci gaban gari da na unguwa. Duk a cikinsu ana koyon biyayya da jagoranci da hidima. Abin tsoro shi ne saurayi mai jini a jika ya zauna ba abin yi. Mun ga shekarar 2021. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Kowace uwa ta ja ɗanta ta rungume, kuma da gaskiyarta. Amma a watannin nan yara nawa ne suka koyi zaman majalisa da shaye-shaye? Saurayi dole ya sami taron da zai ji shi ma wani ne. In ba a ba shi na kirki ba, ɗan siyasa zai ba shi nasa, dillalin ƙwaya ma zai ba shi, kuma mun san waɗanda suka fi waɗannan muni.

Aikin yi kuwa ga shi nan jibge. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 magudanan ruwan da ke kai wa gonakin shinkafa suke bukatar yasa duk shekara. Ga 'yan'uwanmu da suka baro ƙauyukansu suna fakewa a cikin gari, 'ya'yansu ba boko ba allo, ɗalibi ɗaya zai iya tara ashirin a zaure ya koya musu karatu a lokacin hutu. Ga asibiti, inda mace za ta zo haihuwa jini ya ƙare mata a rasa mai bayarwa. Samari goma masu lafiya da suka san rukunin jininsu, suka bar lambar wayarsu a wurin ma'aikatan jinya, Allah kaɗai ya san rayuka nawa za a ceta ta dalilinsu.

Ke kuma uwargida, zaman kulle bai hana ki bincike ba, don babu mai karanta fuskar yaro kamar wadda ta haife shi. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, ki zaunar da shi ki ce, Babana, ba ni labarin ƙungiyar nan taku. Wane malami ne ubanta a makaranta? A ina kuke zama, kuma da wane lokaci? In lokacin salla ya yi ana tashi? Wannan tambaya ta wurin zama tana da muhimmanci, domin wasu rassan na manya a otal suke taro, wani wurin kuma ana sayar da giya, ki ji ko nasu a aji ne ko a ina. Ki tambayi nawa ake biya, kuma ina kuɗin ke tafiya. Ki ce ya nuna miki hotunan aikin da suka yi a wayarsa, gani ya kori ji. In ɗiya mace ce a ƙara da tambayar yadda ake zama tsakanin maza da mata, da ko ana tafiye-tafiyen kwana, da wadda ke raka su. Yaron da ke kan gaskiya zai yi ta zuba har sai kin gaji da ji. In kika ga yana kame-kame, ki tura yayansa ko kawunsa ya je ya gano miki.

Abu guda kuma da za a kiyaye, akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan irin waɗannan ƙungiyoyi. Za su aiko da saƙo a waya cewa an zaɓi ɗanki zai tafi Turai karatu, a turo kuɗin fom ko na biza cikin kwana biyu. Kada ki sayar da akuyarki ko ɗan kunnenki a kan saƙon waya. Duk shirin gaskiya ta hannun reshen da aka sani yake bi, da mutanen da za a iya zuwa a same su a ofishinsu, a gaisa, a tambayi asalinsu.

Wajen maigida kuma a bi a hankali. Kada ki tare shi da maganar yana shigowa da gajiyar kasuwa ko ta gona, kada kuma ki yi masa gardama a gaban yaran. In ya huta ki ce, Malam, da za ka ji ta bakin yaron nan tukuna, in ya so duk abin da ka yanke shi ke nan. Sau da yawa uba tsoro ne ke sa shi tsawa, irin tsoron da ke zuciyarki.

To jama'a, agogo ya cim mana, a nan za mu dakata. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba, ko ta ba yaro ya rubuta mata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tattauna a kan ba da jini, da abin da ya sa mazajenmu ke gudunsa. A gaida maigida, a shafa mini kan yara.